Matambayi Ba Ya Ɓata: Waken da Ya Ƙi Nuna a Jos, Sunayen Barikoki da Numfashin Mai Algaita

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Jos da Abuja suka zo. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba, sannan muka miƙa kowace ga wanda fanninsa ne a cikinmu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Aure ya kawo ni Jos daga Kano. Waken da nake dafawa nan da nan a gida, a nan sai gas ya kusa ƙarewa bai yi laushi ba. Maƙwabciyata ta ce ruwan Jos ne. Haka ne? — Wata uwargida, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwa yana da nasa laifin, amma babban mai laifi tudu ne. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Yadda aka ƙara hawa, haka nauyin iskar da ke danne saman ruwan tukunya yake raguwa, sai ruwan ya tafasa tun bai gama ɗaukar zafi ba. Kowace mita 300 tana cinye kusan digiri ɗaya. A Legas ruwa yana tafasa a digiri 100, a Kano da Abuja wajen 98 da rabi, a Jos wajen 96. Kin ga tukunyarki tana ɓararraka kamar kullum, amma zafin da ke shiga cikin ƙwayar waken ya gaza na Kano.

Ga inda gas yake salwanta. Idan ruwa ya riga ya tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi ko kaɗan, tururi kawai yake ƙarawa, ruwan ya ƙafe, waken ya kama. Da ya tafasa ki rage wuta, ki rufe da murfin da ya zauna daram. In za ki ƙara ruwa, ki ƙara mai zafi.

Ki jiƙa waken tun dare, awa takwas ko fiye, da ɗan gishiri a ruwan. Gishiri ba ya taurara wake kamar yadda ake faɗa. Abin da ke taurara shi tsami ne, don haka tumatir da tsamiya su jira sai ya yi laushi. Kanwa tana yin akasin haka, tana warware abin da ya ɗaure ƙwayar, amma a yi hattara: rubu'in ƙaramin cokali na garinta ya ishi gwangwani biyu zuwa uku na wake. In ta yi yawa waken zai yi duhu, ya yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana kashe wani sashe na bitamin B1. Batun maƙwabciyarki yana da gaskiya a wuri ɗaya: ruwan rijiya ko na burtsatse da ba ya kumfa da sabulu yana jinkirta nunar wake. Tsohon wake da ya shekara a buhu kuwa ko a Legas sai ya wahalar da mai girki.

Maganin da ya fi duka shi ne tukunyar furesha, mai kulle tururi, domin a cikinta zafi yana haura digiri 110. Kada wake da ruwa su wuce rabinta, saboda kumfar wake tana toshe mafitar tururin.

Ki kuma gaya wa maigida cewa janaretansa ma tudun nan yana taɓa shi. Injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100, wato a Jos sama da kashi goma sun tafi. Mai sayen janareta a Filato ya sayi wanda ya ɗara buƙatarsa.

Tambaya: Me ya sa ƙanƙara ta fi sauka a Filato, alhali a ƙasar zafi muke? Kuma gaskiya ne ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa? — Wani manomin dankali, Bokkos

Amsa: Malam, zafin a ƙasa yake. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri shida da rabi a kowace kilomita da aka hau, shi ya sa Jos ta fi Abuja sanyi da wajen digiri biyar. A sararin samaniyarmu, daga wajen kilomita biyar sama da teku ruwa yana iya daskarewa, hadarin da ya haɗu sosai kuwa kansa yana wuce kilomita goma sha biyu. A cikinsa akwai iska mai ƙarfi da ke hawa sama, ita ke riƙe ɗan ƙwayar ƙanƙara, ɗigon ruwa mai tsananin sanyi yana manne mata yana daskarewa, har ta yi nauyin da iskar ba za ta iya ɗauka ba. In ka tsinci babba ka raba ta da wuƙa za ka ga zobe-zobe kamar albasa, wani garau, wani fari. Garau ɗin ya daskare a hankali ne, farin kuma ya daskare da sauri ya kulle kumfar iska a ciki.

Ƙanƙara tana haɗuwa a saman Lokoja ma, sai dai takan narke a hanya ta iso a matsayin manyan ɗigo. A Filato ƙasa ta taso ta tare ta da fiye da kilomita guda, iskar da za ta ratsa kuma ba ta da zafi sosai. An fi ganinta da rana tsaka zuwa la'asar, a farkon damina da ƙarshenta, lokacin da rana ke gasa ƙasa kafin hadari ya taso. Ganyen da ta yayyaga ƙofa ce ga cuta, saboda haka bayan ta wuce a duba gonar dankali da tumatir, a yi feshin maganin ruɓa da wuri. Tamu ma da sauƙi: a 1986 an yi ƙanƙara a gundumar Gopalganj ta Bangladesh wadda ƙwaya ɗaya ta kai kilo guda, mutum 92 suka rasu.

Maganar rashin taɓa wanda tsawa ta faɗa wa kuwa ba ta da tushe, kuma tana jawo asarar rai. Jikinsa ba ya riƙe wuta. Abin da yakan kashe shi tsayawar zuciya da numfashi ne, in aka danna masa ƙirji aka hura masa iska nan take, ana iya ceto shi kafin a kai asibiti.

Ga yadda za ka san nisanta. Haske yana isowa nan take, ƙara kuma tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta kai talatin ba, kana cikin haɗari, ka nemi ginin kirki ko mota mai rufin ƙarfe, kuma ka jira minti talatin bayan tsawar ƙarshe. Jikin ƙarfen motar ne kariya, ba tayoyinta ba, don haka babur da akori-kura ba mafaka ba ne. A guji gindin bishiya da kan dutse. Makiyaya su lura: abin da ke kashe shanu da yawa a lokaci guda wutar da ke bin ƙasa ce, tana shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya saboda tazarar da ke tsakaninsu. Wanda abin ya rutsa da shi a fili ya haɗe ƙafafunsa ya tsuguna, kada ya kwanta.

Tambaya: Da hunturu ƙofar motata tana ja na kamar wayar lantarki. Makanike ya duba bai ga komai ba. — Wani direban tasi, Nyanya

Amsa: Lafiyar motarka ƙalau, Malam, kada ka ƙara biyan kowa. Gogayyar rigarka da kujera tana tara caji a jikinka. Da damina laimar iska tana kwashe shi a hankali ba ka ji, da hunturu kuwa laimar takan faɗi ƙasa da kashi ashirin cikin ɗari, sai ya taru ya fita lokaci guda ta ɗan yatsa. Ka kama ƙarfen ƙofar tun kana zaune, ka riƙe har ƙafarka ta taɓa ƙasa. Rigar auduga ta fi ta leda sauƙin abin. Wuri ɗaya da wannan ba wasa ba ne shi ne gidan mai: kada a koma cikin mota a fito a kama bakin famfo ana tsakiyar zuba fetur, kuma jarka a ajiye ta ƙasa kafin a cika. Ƙurar da ke rufe maka gilashi kuwa, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tsohon gindin tafkin da ya ƙafe, kuma wata tana ƙetare teku har dajin Amazon.

Tambaya: Kullum ina wucewa ta gaban barikin Mogadishu a hanyar Asokoro. Me ya haɗa sojanmu da sunan babban birnin Somaliya? Kakana ma yana cewa ya yi "yaƙin Bama". — Wata ɗaliba, Mararaba

Amsa: Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce, 'yar uwa. Sunan Mogadishu ya shiga tarihin sojan Najeriya ne a Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairun 1941 birged ta 23 ta sojan Najeriya, ƙarƙashin Ingila, ta shiga Mogadishu bayan ta kori sojan Italiya. Daga nan ta nausa arewa cikin Habasha ta kai Harar a ƙarshen Maris, tafiyar fiye da kilomita 1,500 cikin kusan wata guda.

Bama kuwa ita ce ƙasar da yau ake kira Myanmar. A 1943 aka kafa runduna biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Bama don yaƙar Japan. 'Yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu, tare da na Gana, Saliyo da Gambiya. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, ta 82 a yankin Arakan, suka haɗu a kan garin Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyi uku na Najeriya kuma suna cikin dakarun da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke ta sama a bayan layin Japanawa a 1944. Yanzu ki duba allunan barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas. Har barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan kafin a dawo Abuja a Disambar 1991, sunan wani wuri ne a Bama.

Abin da ya bambanta waɗannan runduna da sauran shi ne yadda suke ɗaukar kaya. Dajin Arakan tsauni ne da kwazazzabo da ruwan sama, mota ba ta shiga, alfadari ma yana wahala. Sai aka haɗa kowace runduna da dubban 'yan dako masu kaki, suna ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, jiragen sama kuma suna jefo musu guzuri da laima. Shi ya sa tambarin runduna ta 82 mashi biyu ne a gicciye da gammo a tsakiya. Na ta 81 baƙin gizo-gizo ne, Gizon tatsuniyar mutanen Gana, wanda wayonsa bai bambanta da namu ba. In akwai tsohon kaki ko lambar kakanki a gida, ki duba kafaɗar, za ki san rundunarsa.

Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshin Turawa sai sun ci jarrabawarta, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kai wa sojoji labarin gida. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su soja, fareti, saje, samanja da hafsa suka shigo bakinmu. Akwai ma ƙa'ida a ciki: lam ɗin ƙarshen kalmar Turanci takan koma ra, shi ya ba mu kofur, kanar da janar, kamar yadda ya ba mu tebur da fensir.

Tambaya: Kududdufan da suka cika Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi, an ce Turawa ne suka haƙa. Yaushe, kuma me ya sa ake hana yara iyo a ciki? — Wani malamin firamare, Bukuru

Amsa: Ramukan kuza ne, Malam. Mutanen ƙasar nan sun san narkar da kuza tun kafin zuwan Bature, amma haƙar kamfanoni ta fara ne a farkon ƙarni na 20, har aka shimfiɗa mata siririn layin dogo daga Zariya wanda ya iso Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Kuzar tana kwance ne a tsohon gadon rafuka da ƙasa ta binne. Sai a kware ƙasar sama, a kwaso tsakuwar, a wanke ta a doguwar kwata da ruwa mai gudu. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, don haka yashi ya tafi, ita ta kwanta baƙa a ƙasa. Ramin da aka bari shi ruwa ya cika.

Lokacin da ya fi muni shi ne na yaƙi. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wani yanki na ƙasar Malesiya ta yau, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, ga shi kuwa ba a yin gwangwanin abincin soja, ko lanƙaya wayoyin rediyo, ko wasu sassan inji sai da ita. Ido ya dawo kan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa En'e-En'e (hukumomin gargajiya) kawo mutane, daga Sakkwato, Katsina, Kano, Zariya, Bauci, Borno da Binuwai. Tsakanin 1942 da 1944 kimanin mutum 100,000 aka tilasta wa zuwa, kashi-kashi, kowane na 'yan watanni. Talakan da ya taso a zafin Sakkwato aka kawo shi sanyin Filato da riga ɗaya, yana ɗaukar ƙasa a kwanon sarki cikin ruwan sama, abinci bai isa ba, bukkoki a cunkushe. Ciwon huhu da gudawa suka yi ta kashe mutane, dubbai suka gudu, gonakin da aka bari a gida suka jawo ƙarancin hatsi. A 1943 aka fitar da fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba, amma ƙarin bai taka kara ya karya ba in aka auna shi da yawan mutanen da aka wahalar. Surutu ya kai majalisar Ingila, aka soke dokar a 1944. A ganinmu wannan babi ya cancanci shiga darasin tarihin da kuke koya wa yaran Filato fiye da yadda yake yanzu.

Abubuwa biyu suka fito daga ramukan da ba su aka je nema ba. Ɗaya ma'adinin kwalambait, wanda da ana zubar da shi a matsayin datti, sai a shekarun 1950 Amurka ta buƙace shi don ƙarfen injin jiragen sama, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Na biyu gumakan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Wani kai da aka samu wajen Jama'a a lokacin yaƙin sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Bernard Fagg, mutumin da ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Hana yara iyo daidai ne. Kududdufin kuza ba shi da gangare irin na tafki: taku biyu daga baki sai zurfi, gefen yana zaftarewa, ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ƙasa-ƙasa kuma yana da sanyin da ke ɗaure jijiya. Sannan tarin baƙin yashin da ke wuraren tace kuza yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, kada a yi bulo ko filasta da shi, kada yara su yi wasa a kai.

Tambaya: Abokina Bangashe, wato ɗan ƙabilar Ngas, ya ce harshensu ɗan uwan Hausa ne, amma na Birom ba haka ba. Ni ban ji kama ko ɗaya ba. Ba Larabci ne uwar Hausa ba? — Wani ɗan kasuwa, Taminus, Jos

Amsa: Abokinka ya fi ka gaskiya, Alhaji. Hausa tana cikin dangin da masana ke kira harsunan Cadi, su fiye da 150 a Najeriya, Kamaru, Cadi da Nijar. A Filato 'yan wannan dangi sun haɗa da Ngas na Pankshin, Mwaghavul na Mangu, Goemai na Shendam da Ron na Bokkos. Birom, Afizere, Irigwe da Tarok kuwa wani gida ne daban, gidan da ya haɗa su da Gbagyi, Yarabanci da Ibo, har da Fulatanci daga nesa.

Ba a gane dangantakar harsuna da kunne, domin rabuwar ta dubban shekaru ce. Ana duba kalmomin da ba a cika arowa ba, da ginin nahawu. Huɗu, wadda wasu ke cewa fuɗu, a Ngas fiir ce, a Mwaghavul feer. Mutu a Mwaghavul muut ne, suna kuma sum.

Larabci ba uwa ba ce, 'yar uwa ce ta nesa. Dangin Cadi reshe ne na wata babbar bishiya da ta haɗa Larabci, Ibrananci, Amharik na Habasha, harshen Buzaye, Somaliyanci da tsohon harshen Misira. Gadon da suka raba yana nan: "ta" mai nuna mace, kamar a "ta tafi"; "ma" mai nuna wuri da kayan aiki, kamar makaranta da mabuɗi, daidai da maktab da miftah; da mutu, wadda Balarabe ke cewa mata. Wannan daban yake da aro. Kalmomin da suka shigo da addini da fatauci suna da shaida a goshi, wato al ɗin Larabci da ta manne musu: alƙali, albasa, allura, aljihu. A wasu a ɗin ta faɗi lam ta tsaya, shi ne littafi, labari, lokaci da lafiya. Ƙirga ma daga ashirin zuwa casa'in aro ne. Kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku suke cewa.

Mafi kusa da Hausa duk duniya yana bakin Abuja: Gwandara, da ake ji a Karshi da wasu sassan jihar Nasarawa. Su kam sun zubar da bambancin namiji da mace a nahawunsu.

Tambaya: Ina koyon kalangu wajen kawuna. Da hunturu fata ta fashe mini, da damina kuma muryar ta mutu. Sannan ina so in san sirrin masu algaita da ba sa tsayawa shan iska. — Wani matashi, Gangare, Jos

Amsa: Fata ko bayan an jeme ta tana shan laima tana saki. Da hunturu tana bushewa ta tsuke, muryar ta hau sama, in ka matse tsirkiya da ƙarfin da ka saba da damina sai ta tsage, yawanci daga baki inda aka ɗinke ta da zobe. Saboda haka a wannan lokaci ka fara kiɗa a hankali, ka shafi fatar da tafin hannu mai ɗan danshi, in ka gama ka sassauta abin da ka ɗaure tsirkiyar da shi, ka sa kalangun a jaka, nesa da rana da bakin taga. Ɗan man kaɗanya a tsirkiyoyin yana hana su karyewa, amma kada ka malala shi a fatar, yana kashe murya. Da damina fatar ce ta sha ruwa ta saki. Ka kara ta da garwashi daga nisan kamu biyu zuwa uku, kana juyawa kana ɗan bugawa, da ka ji muryar ta dawo ka janye. Harshen wuta yana ƙona gefe ɗaya ya bar ɗayan, daga nan kalangu ba ya sake daidaituwa.

Wannan matsewa da sakin ita ce dukan maganar kalangu. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, ga dogon wasali da gajere. Matse hammata ya ba da na sama, saki ya ba da na ƙasa, bugawa a matse a saki nan take ya ba da mai faɗuwa. Kalangu ba ya furta baƙi ko wasali, shi ya sa ba a gane sabuwar magana daga bakinsa sai taken da kunne ya riga ya sani. Ka koyi faɗin taken da baki daidai kafin ka nema a fata. Kuma kada tsadar kaya ta dame ka: kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya.

Mai algaita yana shan iska, ba ya dai yanke busa ne. Bakin algaita yana da ɗan faifai da leɓɓa ke dannewa, haƙorin busar, wato ɗan karan da ke ba da sauti, duka yana cikin baki, kumatu kuma su zama ma'ajiyar iska. Yayin da huhu ya kusa ƙarewa, sai ya rufe bayan bakinsa da tushen harshe, ya matso iskar kumatu waje, a daidai wannan lokaci ya zuƙi sabuwa ta hanci.

Ana koyonsa mataki-mataki. Da fari ka cika kumatu da iska, ka riƙe, ka yi ta numfashi ta hanci har ya zama ba ka tunaninsa. Sai ka guntsi ruwa, ka tsirto shi siriri da ƙarfin kumatu kawai kana shaƙa ta hanci. In wannan ya zauna, ka sami tsinken shan lemo, ka ɗan matse bakinsa don ya yi tauri, ka tsoma a kofin ruwa kana hurawa, burinka kumfa kada ta yanke. Inda kowa ke tuntuɓe shi ne komawa daga kumatu zuwa huhu: ana jira kumatu su ƙare sannan a buɗe maƙogwaro, sai kumfar ta tsaya. Ka dawo da iskar huhu tun da sauran kusan rabi a kumatu. Shaƙar ta zama gajera, kamar mai jan majina, ba doguwa ba. Minti goma a rana ya isa, yawancin masu naci suna samun kumfa marar yankewa cikin 'yan makonni, kafin su koma kan algaitar kanta wadda ta fi tsinke cin iska. In ka ji jiri, kana shaƙa fiye da abin da kake fitarwa ne. Ka tsaya, ka huta, ka rage yawan shaƙar a zagaye na gaba.